Akwatin da Na Ƙera a Kasala

Usta Mahajub ya ba ni ragowar falanki,
guntaye shida, ɗaya da tabon shayi.
Na ce gida zan yi wa kwamfuta.
Ya ce, "Kaza ce?"
Na ce kusan haka,
ita ma in zafi ya yi yawa baki take buɗewa.

Da farko na rufe shi ruf,
ko allura ba ta da wurin wucewa.
Ƙura ta zo, ta yi sallama, ba a amsa ba.
Kwana biyu ina yi wa kaina kirari.
Ran na uku da azahar,
sa'ad da duwatsun Taka ke mayar wa gari
da wutar da suka ara tun hantsi,
ma'auni ya haura casa'in,
allo ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
katin bikin Rumaisa da na kwana ina tsarawa
ya tafi bai yi ban kwana ba.

Sai na ɗauko abin huji cikin fushi.
Gaba, baya, sama, haƙarƙari,
na mayar da akwatin gwagwa.
Fanka biyar, kowace da inda ta sa gaba,
suna ihu kamar 'yan kamasho a tasha.
Ya yi sanyi kuwa. Har na taɓa shi da kunci.

Habub ya taso ran Talata daga wajen Gash,
jan bango mai tafiya.
Mun rufe tagogi, mun jiƙa tsumma a ƙofa,
amma na bar wa ƙura ƙofofi arba'in
da 'yan rakiya biyar masu jawo ta ciki.
Da safe na kwance kusoshi:
kowane fiffike ya yi gemu,
tsakanin haƙoran ƙarfe
an yi yaɓe, saura a dasa gyaɗa.

Goggo Talatuwa na gasa bunna a rumfa,
ba ta ɗago ba ta ce,
"Ka toshe, ya suma. Ka buɗe, ya shaƙe.
Kai ka taɓa tambayar iskar ina za ta?"
Ta miƙo kaskon turare.

Na ajiye shi a gaban akwati, na tsuguna.
Hayaƙin sandal ya shiga ta gaba,
ya yi dawurwura a kan waya,
ya koma da baya kamar wanda ya manta takalmi.
A nan na ga fankokina faɗa suke,
wannan na ja, waccan na ƙwacewa.

Na cire biyu. Na liƙe ramuka da gam da kwali.
Biyu a ƙasa su shigo da ita,
ɗaya a sama, can baya, ta raka ta waje,
don zafi dama hawa yake so.
Mai shiga ta fi mai fita,
sai ciki ya cika kamar ɗakin 'yan biki,
kowace kafa mutum ke turowa waje,
baƙo ba ya samun ratsawa ta taga.

Saura matsara a ƙofar gaba.
Gefen tsohon mayafi ya yi kauri, fanka na nishi.
Gidan sauro ya yi faɗi, har yashi na wucewa.
Da dare na zare rariyar Goggo daga ƙusa.

Sittin da takwas yanzu, ko da azahar.
Sautinsa kamar barcin jariri.
Duk Juma'a kafin wanka nakan zare rariya,
in kaɗe ta a gindin dalbejiya,
ƙasar mako guda ta koma inda ta fito.

Ba wai ba ta shiga ba ne.
Tana shiga, siririya, mai haƙuri,
iya wadda zan rubuta kwanan wata a kai da yatsa.
Mun yi sulhu a kan wannan.

Goggo ce ba mu yi ba tukuna.
Jiya ta tsinci gudaji a ƙullun kisira,
ta dubi akwatin, ta dube ni,
ta ce, "To, ya ci lafiya."