Daren Ƙidaya a Alder Fork

Jiha ta ce akwai kuɗin gaggawa,
ta ware su, ta ɗaure bakin jakar da sharaɗi:
ƙaramar hukumar da ke son kaso
ta kawo mutum hamsin a rubuce,
waɗanda suka kwana a waje a dare guda.
Daren kuwa su suka zaɓa, daga can babban birni.

Ni ce akawu, Lorene Haskett.
Shekara ashirin da biyu ina buga hatimi
a lasisin karnuka da takardun filaye.
Yau an miƙo mini tocila da biro
da takarda mai layi hamsin.

Dusar ƙanƙara ta kai ƙauri.
Na fara da bayan tsohon kamfanin katako
inda zarto ya yi shiru tun ina amarya.
Mutum shida cikin shuɗin tamfol.
Ɗayansu shi ya koya wa ɗana iyo.
Ya kare ido daga haske, ya ce,
"Lorene, ƙirga mu kika zo yi?
To ki ƙirga da kyau."

Sha ɗaya a ƙarƙashin gada.
A harabar coci motoci sun yi jerin gwano,
numfashi ya daskare a jikin gilasai.
Marisela ta sauke nata kaɗan,
yara biyu a kujerar baya,
babbar na aikin makaranta da hasken waya.
"Kar ki sa sunana, za a raba ni da su."
Na ja karan tsaye uku, na wuce.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Mu ne masu ɗakin garin nan, mun san yoyon,
amma kwanon rufin yana hannun wasu
masu nisan awa biyar a mota.

Ƙarfe uku na dare: arba'in da tara.
Na sake lissafi da yatsun da ba na ji.
Arba'in da tara.

Ina Orrin Tabb?
Shekara huɗu yana kwana a bencin ɗakin karatu,
kusa da bututun da ke fitar da ɗumi.
Ga kwalinsa, ga gwangwanin wakensa. Babu shi.

A shagon wanki na same shi.
Tsohuwa Nakashima ce ta ga sanyin ya wuce kima,
ta bar masa ƙofa a buɗe, ta kunna injin busar da kaya.
Yana kwance a tayil, baki a sake,
takalmansa a jere kamar na baƙo mai kunya.
Rufi a kansa. Dokar ta ce ba ya cikin lissafi.

Na daɗe a bakin tagar nan.
Ƙwanƙwasa ɗaya ta isa:
Orrin, fito ka tsaya cikin sanyi,
garinmu na bukatar ka zama lamba.
Na ɗaga hannu. Ya juya, ya ja bargo.
Na mayar da hannuna aljihu.

Na koma bencinsa na zauna.
Katakon ya cije ni ta cikin kwat.
Na ga motar share ƙanƙara ta wuce sau biyu,
na ji agogon kotu ya buga huɗu, ya buga biyar.
Da gari ya fara wayewa
na cika layi na hamsin:
mace, shekara hamsin da takwas, ta kwana a waje.
Ban yi ƙarya ba, ban kuma ce da kowa komai ba.

Amsa ta zo ranar Alhamis, layi biyu:
an karɓa, za a duba cikin kwana casa'in.
Na ƙirga a kalandar ofis.
Ranar ta faɗo lokacin da tuffa ke fure.

Da yamma na ga Orrin ya dawo bencinsa.
Ya ɗaga kwalin yana dubawa,
ya ce wani ya zauna masa a wuri.