Karayar da Ba a Faɗi Ba

Shekara talatin da bakwai ina ɗori a Birni.
Wanda jaki ya kayar, wanda kabu-kabu ya kwasa a bakin Kasuwar Dole,
ɗan kokawar da ya sauka a kan kafaɗa,
duk zauren nan ake kawo su, mai warin man shanu.
In shafa, in ja, in ji ƙashi ya ce ƙas, ya koma ɗakinsa,
in jera kara, in naɗe da tsumma.
Yatsuna sun fi idona gani.

Sai ga Ma'azu, ɗana na uku,
yana taka ƙasa kamar mai bin ta bashi.

Ina ka faɗi?
Baba, ban faɗi ba.
Wa ya buge ka?
Ba kowa.

Wata biyar yana riga ladan tashi,
ya ɗaure takalmin gwanjon da ya sha faci,
ya bi kwaltar Mirya har gari ya waye,
ya dawo ya hau duwatsun bayan unguwa, ya sauko, ya sake hawa,
don jarrabawar shiga sandarma ta matso.
Da hantsi kuma ga kurar ruwa, jarka goma,
tunda famfonmu sai ya ga dama yake magana.
Ko ran Juma'a ƙafar ba ta san tabarma ba.

Na bi ƙwaurin daga gwiwa zuwa idon sawu.
Miƙaƙƙe, ba goce, ba jini.
Wuri ɗaya ne kawai, bai fi faɗin dala ba,
in na danna sai ya ciji leɓe ya dubi rufin ɗaki.
Na ce targaɗe ne.
Na yi tofi, na murza.
Washegari ya koma kwalta, kuma da bakina ya koma.

Uwarsa ce ta ji nishinsa cikin dare.
Zuwaira ba ta yi gardama da ni ba,
kaji uku ta sayar ta kai shi babban asibiti.
Hoton farko bai ce komai ba,
har na yi gyaran murya a zaure.
Bayan sati biyu aka sake.
Likitar, sa'ar 'yata Habsu, ta ɗaga shi ga hasken taga,
ta sa bakin biro a kan wani ɗan layi
da bai kai silin gashi ba.

Ta ce, Baba, ƙashi katangar laka ce.
Rana ta ci, dare ya yaɓe.
Ɗanka bai bar wa magini dare ba.

Mun dai san yau da gobe kan sa allura ginin rijiya.
Ba wanda ya gaya mini a ƙwaurin ɗana za ta gina.

Na tambayi magani. Ta ce zama.
Sati takwas, wataƙila goma,
sanda a hammata, nono a ƙwarya.
Babu abin ja, babu abin ɗaurewa.
Na dawo gida da hannuwana a aljihu
kamar baƙin da ba a ba masauki ba.

Ran jarrabawa abokansa suka wuce ta ƙofarmu da asuba,
tif, tif, tif, suna ƙirga sawu.
Ya juya fuska ga bango.
Na buɗe baki in ce akwai baɗi,
sai na rufe.

Yanzu ni ke tura kurar.
Jarka biyar nake ɗorawa, in yi sawu biyu,
in tsaya gindin dogon yaro in bar numfashi ya cim mini.
Jiya wata mai dakan dutse ta shigo zaure,
ta ce tafin ƙafarta ne, wata guda ke nan, kuma ba ta faɗi ba.
Na riga na miƙa hannu ga kwanon man shanu.
Na mayar da murfin.
Na ce, zauna tukuna, faɗa mini
yaushe rabonki da hutu.