Shamuwar Ƙanƙara

Ni ne mai kwana da ƙanƙara a Tudun Wada.
Firiza tara, janareto ɗaya mai tari,
da dare mai tsawo kamar layin mai.
Nazifi ya bar mini tsohuwar wayarsa, fuskarta a tsage,
ta cikin tsagar nan na fara ganinsu:
maza siraru, zaune kan sanda a ƙolin hasumiya,
ƙafafu ɗaure da katako biyu da suka fi su tsawo.

Ba manyan ba ne.
Manyan suna wani gari, da fitilu da ganguna.
Waɗannan rukuni na biyu ne.
'Yan kallonsu ba za su cika motar Kwangila zuwa Samaru ba:
wata tsohuwa da tuta, kare sanye da riga,
sai mai shebur yana lallashin dusar ƙanƙara.

Akwai ɗaya. Sunansa ya ƙi bakina,
baƙaƙe sun cunkushe, wasula sun yi ƙaura.
Na raɗa masa Shamuwa, ba rago, ba goro.
Yakan shafi hula sau biyu,
ya saki sanda, ya durƙusa, hannuwa a baya,
ya gangaro kamar bashi ya biyo shi,
sai ƙasa ta ƙare.
Ya buɗe katakon kamar almakashin tela,
ya kwanta kan abin da babu.

A Disamba talatin aka kira zagaye na biyu.
Shi ya zo na talatin da ɗaya.
Na ga ya saɓa kayansa a kafaɗa,
yadda nake saɓa buhun ƙanƙara.

Bawa mai shayi ya leƙo, ya yi tsaki:
“Kai da ko Dutsen Kufena ba ka taɓa hawa ba,
me ya haɗa kifi da kaska?”
Ban tanka ba.
Shekara goma sha ɗaya Alhaji Sadisu yana cewa
baɗi zai sallame ni da firiza biyu da shago.
Na san yadda ake zama kan sanda
ana jiran a ɗaga tuta.

A Janairu iska ta ci amanarsa,
ya faɗi, katako ɗaya ya tafi shi kaɗai.
Ya tashi, ya ɗaga hannu: lafiya lau.
Ni ne na kwana da ciwon gwiwa.

Sai wata Asabar a Fabrairu.
Ya shafi hula sau biyu, ya gangaro, ya tashi,
ya wuce layin da kullum yake tare shi,
ina tsaye, ina ihu, Bawa ya zubar da madara,
sai data ta ƙare.
Ya tsaya cak a sama, baki buɗe,
da ɗan zobe yana juyawa a ƙirjinsa.
Da safe Nazifi ya duba: na huɗu.
Rabin maki tsakaninsa da dandamali.
Rabin maki! Ko gishirin miya bai kai ba.

Yanzu Maris ya zo. Can ciyawa ta leƙo gefen tudu,
ƙanƙararsu tana narkewa, tawa tana tsada.
Tun asuba masu zoɓo da kunun aya sun yi layi,
Lantana tana rantsuwa ita ta riga kowa.
Ya gama shekara na goma sha tara.
Ba a kira shi wurin manya ba.
Alhaji ya ce baɗi.

Na ciro dunƙule, sanyi yana bin wuyana.
A bakin ƙofa akwai kwata.
Na durƙusa kaɗan, na tsallake,
ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya,
ban ko girgiza ba.
Babu alƙalin da ya gani.