Kwalin da Yake Yi Mini Sallama

Shagona ba shi da ƙofa.
Ba benci, ba rumfa, ba inda mai saye zai jingina.
Yana cikin wayata, ƙarƙashin matashi,
a wani ɗaki a Gangare
inda sanyin Jos ke shigowa ta ƙasan labule
ya daskarar mini da zuma a kwalba.

Wadda ta fara saye daga Abuja ban san fuskarta ba.
Uwani, a Kubwa. Kwalba uku.
Na naɗe su da tsohuwar jarida,
na cusa a baƙar leda, na ƙulle da tsumma,
na miƙa wa direba a tasha
kamar mai jin kunyar abin da ta kawo.

Bayan magariba hoto ya shigo:
jarida ta sha zuma ta ƙoshi,
kanun labarai sun manne da murfi,
tururuwa sun ja layi kamar ranar albashi.
Ba ta zage ni ba.
Ta rubuta, "Ba komai, Allah ya kyauta."
Ba ta sake dawowa ba.
Da ma zagin ta yi.

Na gangara Dilimi wurin Davou mai injin bugu,
yatsu shuɗi, fensir a bayan kunne.
Ya ɗaga kwalbar, ya auna wuya, ya auna gindi,
ya ce, "Wannan ba leda take so ba, ɗaki take so."
Ya faɗi kuɗi, na dafe ƙirji.
Ya ce, "Nawa ce wadda ta fashe?"
Na faɗa.
Ya ce, "To matar da ba ta dawo ba fa, nawa ce?"

A daren na fasa asusun keken ɗinki.

Kwali ɗari biyu, ruwan ƙasa.
Ciki ɗaki uku, kowace kwalba da nata,
ba mai gogar kafaɗar 'yar'uwarta
ko da mota ta faɗa ramukan hanyar Akwanga.
A murfi, zanen da Innata ke ƙonawa a bayan ƙwarya,
ƙarƙashinsa Ladidi, sai lamba.
Ina saka 'yar takarda da rubutun hannuna:
In ta daskare ba lalacewa ta yi ba,
sanyin garinmu ta ɗauko. Sa ta a ruwan ɗumi.

Yayana ya yi dariya, wai kwali ake lasa?
Ba a lasa.
In zumar gauraye ce, ko da zinariya aka naɗe ta
sau ɗaya za a saya.
Amma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma,
ni kuwa ba fuska, ba tabarma.
Kwalin ne ke isa ƙofar da ban san launinta ba,
ya yi sallama, ya rusuna,
ya faɗi 'yar gidan wa ce ni.

Ko direba ya sauya hannu.
Da, ƙarƙashin buhun dankali yake jefa kayana.
Yanzu gaba yake ajiyewa, kusa da shi,
har yana ce wa fasinja, "Malam, a hankali da gwiwa."

Ran Laraba wata murya ta kira daga Lugbe.
Ta ga lambata a gidan ƙawarta.
Zumar ta ƙare tun kafin azumi,
kwalin na nan a kan durowa
da allura, da zare, da katin rigakafin yara.
Ta ce a kawo mata shida.

Na naɗe, na liƙe, na rubuta.
Saura ɗaya a saman kabad,
wata na huɗu ke nan.
Kwalba uku a ciki, kowace a ɗakinta.
Na riga na rubuta Kubwa a jiki.
Gobe, in na samu ƙarfin hali.