Rana a Cikin Tiyo

Da na ce zan ɗuma ruwa da rana,
Labbo mai walda sai da ya aje ƙarfe don dariya:
"A Sakkwato? Kai Jabbi, mi ka sha?
Nan da ƙwai ka dahuwa bisa kwano?"
Na ce, bari sanyi ya kama,
ka tsoma yatsa a randa da asuba, ka dawo mu yi magana.

Ba don ni ba ne. Don Baba Arzika ne,
da ya yi shekara arba'in a gulbin Rima,
koma a hannu, gora a ƙirji,
yau gwiwa ta hana shi ko leƙa Kwalkwalawa.
Likita ya ce ya riƙa taka ruwa mai ɗumi,
ruwan ya ɗauke masa nauyin jiki.

Na haƙa bayan ɗaki, taku bakwai.
Siminti buhu tara, uku bashi ne.
Baƙin tiyo yadi ɗari daga Tsohuwar Kasuwa,
na naɗe shi kamar faifai
bisa kwanon da na shafe da baƙin fenti,
na rufa masa gilashin wata mota da ta daɗe da mutuwa.
Ɗan famfo yana turawa, yana tari.

Ranar farko mahaɗa uku suka yi yoyo.
Ta biyu na buɗe da azahar ban taɓa ba,
ya fito kamar na mai shayi,
ya saɓule mini bayan hannu.
Labbo ya leƙo ta katanga: "Ashe dai ta dahu."
Da yamma ya aiko da kan famfo, bai karɓi ko sisi ba.

Ran Alhamis bayan la'asar
Ige ta riƙe sanda, ni na riƙe hammata.
Ya sa ƙafa ɗaya, ya yi shiru.
Ya sa ta biyu. Ruwa ya kai ƙirji.
Sai na ji ya saki kafaɗata.

Daga bango zuwa bango yake tafiya,
hannunsa na lalube ƙasa da kansa
kamar mai bin tarwaɗa cikin rami.
Ya ce, "Babu kihi, babu laka.
Ruwan ga bai san kowa ba."

Amma aka kira magariba bai fito ba.
Rana ta faɗi can bayan Arkilla,
ragowarta na nan kewaye da gwiwarsa.