Maɗori a Ɗakin Filasta

Shekara arba'in ina ɗori a Dutse Uku,
da karan dawa, da man shanu, da tofi,
da yatsun nan masu jin ƙashi ta cikin nama.
Yau ga ni kan bencin asibiti,
hula a gwiwa, ba mai tambayata komai.

Tasalla ce, jikata.
Ta hau dutsen bayan gida ɗauko ƙwallon da ba nata ba,
dutsen ya sauke ta ba sallama.
Uwarta ta wuce ƙofata da ita a kafaɗa,
ko tabarmata ba ta duba ba.
Na sa takalmi na bi su. Ban ce uffan ba.

Suka ɗaga hoton a jikin fitila.
Ƙashi biyu kwance kamar layin dogo,
ɗaya ya tsage ta gefe, ɗaya gefen na riƙe.
Likita ya ce, ɗanyen reshe ne, bai rabu ba.
Na ce a raina, wannan na sani tun ba a yanke maka cibi ba.

Mai filastar sunansa Dalyop,
gaban rigarsa fari fat kamar mai niƙan rogo.
Ya tambaye ta wa ya fi ta gudu a layinsu,
ya ce ya ji wai har agwagwa na tsere mata.
Tana cikin rantsuwa ya ja hannun, ya zauna daidai.
Wannan dabarar tawa ce.
Wa ya ba shi?

Auduga tukuna, zagaye bisa zagaye,
sannan bandeji ya sha ruwa a roba
ya fito yana ɗiga kamar koko.
Daga gindin yatsu ya naɗo har ya haye gwiwar hannu,
ya lanƙwasa ta kamar mai rungume da kaza.
Da tafi yake shafa, ba da yatsa ba,
wai yatsa na barin rami, rami na cin fata.
Ya bar wa kumburi wurin kwana.

Nan na sunkuyar da kai.
Akwai wani yaro a Bukur, da daɗewa,
na ja igiya don ubansa ya ga na yi aiki.
Kwana uku yatsun suka yi baƙi.
Har yau in na hango shi a kasuwar Taminus
da hannun riga a soke cikin aljihu,
sai in tsaya taya tumatir ɗin da ba zan saya ba.

"Kaka, taɓa ka ji, ɗumi gare shi!"
Na taɓa. Kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Dalyop ya ce, baba, kai zan ba aikin:
hannu a sama, ban da ruwa,
ban da tsinken tsintsiya in ƙaiƙayi ya zo,
kuma ka riƙa duba farce.
Na matso da baki, na tofa abin da ubana ya koya min.
Ya juya yana wanke roba, ya daɗe yana wanke ta.

Sati shida, in ji su.
'Yan ajinsu sun cika farin da sunaye da zanen mota.
Ni kuwa kullum asuba, sanyin Jos na cizon ƙafa,
nakan durƙusa inda take barci,
in danna farcenta ya yi fari,
in riƙe numfashi
har jan ya dawo.