Titin da Aka Miƙe

Kakata Kande ta ce kafin a ja igiya
wannan hanya lanƙwasasshiya ce kamar lauje.
Takan kauce wa dutsen nan mai kama da tulu,
ta bi gefen shingen ƙerana,
ta huta a gindin ɗorawa,
sannan ta gangara Dilimi shan ruwa.
Jakai ne suka zana ta, su kuwa ba sa sauri.

A gindin ɗorawar Chundung ke auna acca,
tana ƙara gyara ga wanda ya iya gaisuwa.
Gaba kaɗan kakana Jatau ke hura zuga-zugi,
kuza na narkewa, tana bin karan ciyawa,
ta fito siririya, fara, kamar tsinken sakace.

Sai ga Bature da malafa da sarƙar awo.
Bai yi sallama ba.
Ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ƙarfe mai ƙafa uku,
ya ce dutsen ya tare masa gani.
Aka sa wa dutsen nakiya ranar wata Laraba.
Ɗorawar ta zama itacen dafa wa lebura tuwo.

Aka ce wutar Jatau ta saɓa doka.
Ya kashe ta da hannunsa, da ruwan buta,
ya ɗauki kwanon kamfani a ka,
kuzar da ya san sunanta tun yana yaro
ya koma yi mata dako, heluma na ƙirga.

Kwano ya hau rufi, ruwan sama ya koyi surutu.
Kanti ya buɗe baki, akawu a ciki,
ga tela daga kudu, ga mai burodi,
ga dubagari yana leƙa randar mutane.
Kande ba ta musa ba: fitilar titi ta yi kyau,
kuma jirgi ya kawo gishiri da araha.

Yau ina gyaran waya a shago na goma sha bakwai.
Dalmar da nake liƙi da ita daga waje take zuwa.
Amma duk damina, in Jos ta yi ruwan ƙanƙara,
kwata takan cika ta ƙi bin layi,
ta lanƙwasa daidai inda dutsen yake a da,
ta gangara Dilimi
ta hanyar jakai.